Tumatir a Rataye: Sha'anin Ban Ruwa

Lacca ce da aka gabatar wa mata masu lambun cikin gida, aka rubuto ta daga abin da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Iyayena mata da 'yan uwana, sannunku da zuwa. Na baya, kuna ji na? To madalla.

An ce in yi magana a kan shuka tumatir a kwando ko bokiti a rataye shi, kuma na san dalilin da ya sa ake so. Yawancinmu gidan haya muke, tsakar gida an malale da siminti, inda kuma aka bar ƙasa akwai akuya da kaji. Abin da aka rataye a azarar baranda ya fi ƙarfin akuya, ya kuma tsira daga tsutsar ƙasa mai sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu, muddin ƙasar da aka zuba mai kyau ce. Amma kada wata ta ɗauka rataya maganin komai ce. Tsutsar nan da manoma ke kira Sharon, wadda ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016 har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, uwarta tashi take yi, za ta iske kwandonki ko a bene.

Abin da ya fi kashe tumatirin rataye shi ne ƙishi, kuma a kansa zan daɗe.

Tumatirin da aka dasa a Kadawa ko Kura, saiwarsa na iya nutsawa ƙasa fiye da kamu guda tana neman danshi. In mai gona ya makara da kwana ɗaya, ƙasa za ta rufa masa asiri. Na kwando ba shi da wannan gatan. Duk duniyarsa ƙasa ce kamar lita 10, iska na bugun ta ta sama da ƙasa da kowane gefe. Da ya girma ya fara 'ya'ya, tushe ɗaya kan sha lita 1 zuwa 2 a rana mai zafi. Saboda haka kafin ki sayi iri, ki fara tambayar kanki wa zai ba shi ruwa ranar da kika tafi biki ko kika kwana a asibiti jinya. In babu amsa, ki dakata tukuna.

Mazubi ya zama babba. Bokitin fenti mai lita 4 ya yi kaɗan, a nemi mai lita 10 ko fiye, a wanke shi tas, a huda gindinsa wuri huɗu ko biyar da ƙusa mai zafi. In kwandon kaba ne, a shimfiɗa buhu ko leda a ciki, ita ma a huhhuda ta. Tushe ɗaya tak a mazubi ɗaya. Na san zuciya za ta ce a sa uku, kada a biye mata. Sannan a kula da nauyi: litar ruwa kilo ɗaya ce, jiƙaƙƙen bokiti kan wuce kilo 12. Ƙusar rataye kalanda ba za ta ɗauke shi ba, kuma akwai yara a ƙasa. Ƙugiyar ƙarfe za a sa a katako mai ƙwari.

Sai ƙasar da za a zuba. Laka zalla nauyi gare ta, in ta bushe ta ƙanƙame. Yashi zalla kuma ruwa wucewa yake yi. Ana haɗa ƙasar jigawa da takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai, a ƙara ɓuntun shinkafa, wanda aka babbaka ya fi. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi. Iri kuwa, a nemi wanda ba ya tsawo. UC82B da Roma VF da ake samu a shagunan iri suna tsayawa a gajarce, za su yi a babban bokiti. Waɗanda suka fi dacewa su ne masu ƙananan 'ya'ya kamar ɗinya, irin su Tumbling Tom, don rassansu zubowa ƙasa suke yi da kansu.

Yanzu ban ruwan kansa. Da asuba ko da hantsi kafin rana ta yi ƙarfi, a zuba a gindi a hankali har sai an ga yana ɗiga ta hujin ƙasa. Yayyafin da ke jiƙa saman ƙasa kawai yaudarar kai ne. Ganye kuma a bar shi a bushe, jiƙa shi na jawo cuta. Da la'asar a tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In an ji ta bushe, a sake ba shi. Ko a sa tafin hannu a ɗaga gindin bokitin. Bayan mako guda hannunki zai gane nauyin mai ruwa da na marar ruwa.

Ga abin da ke ruɗar mutane. In ƙasar ta bushe ƙarau, takan janye daga jikin bokiti ta bar 'yar kafa. Sai ki zuba ruwa, nan take ya tsiyaye ta ƙasa, ki ce ya ƙoshi, alhali ta gefe ya bi, tsakiya ko ɗigo bai shiga ba. In haka ta faru, a sauke bokitin a tsoma shi cikin bahon ruwa kamar rabin awa, sannan a mayar.

Hajiya ta ɗaga hannu tana tambayar tumatirin da gindinsa ke yin baƙi ya lotsa tun yana ɗanye. Hajiya, wannan ba aikin ƙwaro ba ne, feshi ba ya maganinsa. Sinadarin kalsiyam ne bai isa ɗan ba, shi kuwa kalsiyam a cikin ruwa yake hawa daga saiwa. Yau ƙishi, gobe ambaliya, sai tafiyarsa ta katse. Haka ma fashewar fata: ɗan ya sha ƙishi, aka kwarara masa ruwa, cikinsa ya kumbura fiye da yadda fatar za ta iya buɗawa. Dukkan biyun maganinsu ban ruwa a kan ƙa'ida kullum.

Don rage wahala, a rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa. A sami gorar ruwa ta roba, a huda murfinta da allura, a yanke gindinta, a kifa ta a cikin ƙasar a cika. Za ta riƙa tsatsafowa sannu a hankali. Taimako ce kawai, ba ta ɗauke miki duba da yatsa ba. Ruwan alwala da na wanke shinkafa duk sun yi. Ruwan wanki mai omo a nisanta shi, gishirinsa taruwa yake yi a ƙasar. Kuma tun da kowane ban ruwa na wanke taki ya fice da shi ta huji, da zarar fure ya fito a riƙa ƙara ɗan takin zamani na NPK ko jiƙon taki duk mako biyu, bayan an ba da ruwa, nesa da tushe.

Sai lokaci. Hunturu ne lokacin tumatir a ƙasarmu, amma iskarsa na busar da kwando da sauri ko da ana sanyi, don haka a rataye inda bango ke tare ta. Yana son rana ta awa 6, ta safe ta fi. A bazara, in zafin rana ya haura digiri 32 zuwa 35, dare ma bai yi sanyi ba, fure kakkaɓewa yake yi ko an ba shi ruwa. Kano kuwa a watan Afrilu tana kai 40. A fara rainon iri a Oktoba, a dasa bayan mako huɗu, kafin zafi ya sauka an ci an ƙoshi. Kuma a sassauta igiya, kada kwandon ya matsi rufin kwano saboda zafinsa.

'Yar uwa a can baya tana tambayar damina. A damina matsalar juyawa take yi: ruwa ya yi yawa, saiwa ta ruɓe, ganye ya yi yaushi ki ɗauka ƙishi ne ki ƙara masa. A shigar da shi ƙarƙashin rumfa, nesa da indararo, a tabbata hujin gindi bai toshe ba, kuma a nan ma yatsa za a fara turawa kafin a ɗauki buta. Akwai wata tambayar?