Makin Alfarma a Gaban Alƙali

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai leƙa ƙasar Indiya, inda makin da hukumomin jarrabawa ke ƙara wa ɗalibai ya daɗe yana kai iyaye da hukumomi gaban kotu.

Ƙarin makin nan iri biyu ne. Akwai makin alfarma, wanda ake bai wa ɗalibin da ya gaza kai makin cin jarrabawa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A hukumar CBSE, wadda ke shirya jarrabawar kammala sakandare ta gwamnatin tarayya, kamar dai NECO a Najeriya, ana cin darasi ne da kashi 33 cikin 100, don haka yaron da ya tsaya dab da wannan iyaka akan ɗaga shi ya haye. Sai kuma daidaita maki, inda hukuma ke ƙara wa ɗalibai maki a dunƙule idan ta ga tambayoyin wata takarda sun yi tsauri fiye da kima, ko kuma wasu malaman sun fi wasu tsanani wajen duba takardu.

Niyyar mai kyau ce, amma daidaita makin ya rikiɗe ya koma gasa. Indiya na da hukumomin jarrabawa da dama, kusan kowace jiha da tata, alhali jami'o'i irin su Jami'ar Delhi a wancan lokaci da makin sakandare suke ɗaukar ɗalibai. Kowace hukuma sai ta shiga kumbura makin 'ya'yanta don kada a bar su a baya, har ta kai wasu kwalejojin Delhi suna neman kashi 100 cikin 100 kafin su ba da gurbi a wasu fannoni.

A ƙarshen watan Afrilun 2017, CBSE da sauran hukumomi kusan 30 suka amince su daina daidaita makin. Shawarar ta yi daidai, lokacin da aka zaɓa ne bai yi ba. Ɗalibai sama da miliyan ɗaya na ajin ƙarshe sun fara rubuta jarrabawar tun watan Maris, akasarinsu ma sun gama. Aka shigar da ƙara, kuma a ranar 23 ga Mayu Babbar Kotun Delhi, ƙarƙashin Mai Shari'a Gita Mittal da Mai Shari'a Pratibha Singh, ta umarci CBSE ta ci gaba da tsohon tsarin a wannan shekara, domin ba a sauya wa ɗalibi ƙa'ida bayan ya riga ya zauna jarrabawa. Kwana biyar bayan haka sakamako ya fito.

Ni ina tare da kotun a nan, ko da yake ba na goyon bayan kumbura maki. Ka duba ɗalibin da wata jami'a a Ingila ta yi wa alƙawarin gurbi bisa sharaɗin ya samu wani adadin maki, adadin da aka yanka bisa sakamakon shekarun baya. Ka duba kuma wanda zai yi takara da ɗan wata jiha da ta riga ta fitar da sakamako da ƙarin makinta a ciki. Kasuwa ɗaya, mudu biyu. Wannan ba adalci ba ne, komai kyawun manufar da aka fake da ita.

Shekara bakwai bayan haka matsalar ta dawo ta wata ƙofa, kuma ta fi muni. Ranar 5 ga Mayun 2024, matasa fiye da miliyan biyu suka zauna NEET, jarrabawar shiga makarantun koyon aikin likita, wadda hukumar NTA ke shiryawa. Tambayoyi 180 ake amsawa, kowace amsa daidai maki 4, kowane kuskure a cire maki 1. Wanda ya ci duka yana da 720. Wanda ya bar tambaya ɗaya bai amsa ba, 716. Wanda ya kuskure ɗaya, 715. To da sakamako ya fito ranar 4 ga Yuni, sai ga masu 718 da 719, makin da lissafi bai yarda da shi ba. Ga kuma mutum 67 da suka samu 720 cif, shida daga cikinsu a cibiya ɗaya a jihar Haryana.

Sai da ɗalibai da iyaye suka ta da ƙura sannan NTA ta fito fili da cewa ta ƙara wa mutum 1,563 maki, saboda an ci musu lokaci a wasu cibiyoyi. Ta ce ta bi wata dabarar lissafi da Kotun Ƙoli ta amince da ita a 2018 kan jarrabawar shiga karatun lauya. Amma waccan jarrabawa a kwamfuta aka yi ta, inda ake iya ganin daƙiƙa nawa kowa ya rasa, ita kuwa NEET da biro da takarda aka yi ta. Abin da ya fi ƙona rai shi ne babu wanda aka faɗa wa tun farko cewa akwai irin wannan ƙari. Da a ce adadin 718 bai tona asiri ba, ya za a yi iyayen sauran yaran su sani?

Jama'a, yaron da aka ba shi takardar tambayoyi a makare an zalunce shi, kuma dole a biya shi haƙƙinsa. Sai dai a jarrabawar da maki biyar ke iya tura mutum baya da dubban matsayi, duk makin da aka ƙara wa wani, gurbin wani aka taɓa. Shi ya sa ya wajaba a rubuta ƙa'idar ƙarin kafin ranar jarrabawa, a buga ta kowa ya karanta, a kuma nuna a takardar sakamako abin da ɗalibi ya samu da abin da aka ƙara masa.

Ranar 13 ga Yuni gwamnatin Indiya ta shaida wa Kotun Ƙoli cewa ta soke makin da aka ƙara wa mutum 1,563 ɗin nan, ta ba su zaɓi: su sake jarrabawa ranar 23 ga wata, ko su riƙe makinsu na asali. A watan Yuli kotun, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Chandrachud, ta ƙi soke jarrabawar baki ɗaya duk da an tabbatar da satar tambayoyi a wasu wurare, ta kuma yanke cewa wata tambayar kimiyyar lissafi, wato physics, da aka karɓi amsa biyu a kanta amsa ɗaya gare ta. Masu 720 suka ragu zuwa 17.

Daga cikin mutum 1,563 ɗin nan, 813 ne kawai suka koma ɗakin jarrabawa. Sauran 750 sun tashi da makinsu na farko, wanda suka samu a lokacin da bai cika ba, kuma ba su ne suka jawo jinkirin ba.