Saita adireshi a kan suwic: laccar da aka yi wa matasa a Asawase, Kumasi

Assalamu alaikum. Iyayenmu da ke gaba, ina gaisuwa. Ƙannena masu koyon aikin kwamfuta, ku matso, da ku nake yau.

Wannan akwatin mai ƙofa 24 shi ne suwic, mai haɗa kwamfutoci da juna ta waya. Akwai irin wanda da ka soka waya ya kama aiki, ba ruwanka. Wannan kuwa shiga cikinsa ake yi a yi masa saiti, don haka sai an ba shi adireshin IP, wato lambar da ake samun na'ura da ita a layin sadarwa. Ku lura, ba da adireshin yake raba saƙo tsakanin kwamfutoci ba, da lambar MAC, wadda kowace na'ura ke zuwa da ita daga kamfani, yake wannan aikin. Adireshin domin kai ne, don ka same shi daga kujerarka.

A zango kun san kwatancenmu: bayan masallaci, kusa da mai koko. Ran da mai koko ta tashi, baƙo ya ɓata. To, haka abin yake idan ka bar DHCP, tsarin da ke raba wa na'urori adireshi da kansa, ya ba suwic adireshi. Aro DHCP yake bayarwa, gobe yana iya ba shi wani, ka wayi gari kana lalube. Ka rubuta masa nasa da hannu. Tun 1996 aka ware lambobin cikin gida: masu farawa da 10, da 192.168, da 172.16 zuwa 172.31. Ni na ba wannan 192.168.10.2, da mask (lambar da ke nuna faɗin layin) 255.255.255.0, wato na'ura 254 za su iya zama a layin. Ƙofar fita zuwa wasu layuka ita ce rauta, 192.168.10.1. In ka manta da ita, na cikin layin zai gan shi, na wani layi ba zai samu amsa ba. Sannan ka cire lambar suwic ɗin daga jerin da DHCP ke rabawa, kada ya ba wayar wani ita su yi karo.

VLAN rukunin ƙofofi ne da ake keɓewa a cikin suwic. VLAN 1 shi ne tsakar gida, kowace ƙofa a nan take tun daga kamfani. Ka ware wa saiti VLAN nasa daban. Wajen shiga suwic daga nesa kuma, ku rabu da Telnet, tsirara yake aika kalmar sirri. SSH za ku kunna, shi yana ɓoye ta.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. A 2015, lokacin da dumsor, wato yawan ɗauke wuta a Gana, ya yi tsanani, na wuni a wata makaranta ina wannan saiti, tun hantsi har la'asar. Komai ya tafi daidai, har an kawo mini ruwan sanyi. Ina ɗaure jakata aka ɗauke wuta. Da ta dawo, suwic ya tashi kamar bai taɓa ganina ba. Laifina ne. A suwic ɗin kamfanin Cisco, abin da ka rubuta yana zaune ne a ma'ajiyar da ke gogewa in wuta ta yanke, sai ka ce masa copy running-config startup-config sannan ya riƙe. Haka na sake zaro shuɗiyar wayar konsol da ake shiga suwic kai tsaye da ita, na saita gudunta a 9600, na faro daga farko, ga magariba tana yi.

Wannan na kan tebur na adana adireshinsa, amma da gangan ban adana VLAN 20 da na sa wa ƙofa ta biyar ba. Ƙanena na bakin soket, zare mana wayar, mu ƙirga goma ka mayar.