Yau an rufe asibitinmu da rana, likitoci mun koma aji

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Daga Manchester nake magana, yanzu muka fito daga aji. Ku yi haƙuri da iskar nan, sanyi ya fara shigowa.

A nan Ingila, tun Disamba 2012 hukumar likitoci ta GMC ta sa sai an sabunta wa kowane likita lasisinsa duk shekara 5. Duk shekara kuma sai ka zauna da wani likita ka nuna masa ilimin da ka ƙaro da abin da ya sauya a aikinka. Shi ya sa lokaci-lokaci ake rufe asibitin unguwa da rana, mu likitocin iyali mu taru.

Yau kan rigakafi muka yi. NHS, wato hukumar kula da lafiya ta gwamnati, tana gayyatar duk mai shekara 40 zuwa 74, wanda ba a riga an gano masa cututtuka irin su ciwon zuciya, ciwon suga ko ciwon ƙoda ba, a auna masa jini da nauyi da kitsen jini duk shekara 5. Wannan kowa ya sani. Abin da ya tsaya min a rai shi ne gwajin suga na HbA1c. Sugan da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini yake aunawa, na wata biyu zuwa uku da suka wuce. Daga 42 zuwa 47 mutum yana bakin kamuwa, 48 zuwa sama ciwon suga ke nan. To amma ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120, ta mai sikila kuwa 10 zuwa 20 ta mutu. Ba ta daɗe ba balle suga ya taru a kanta. Sai sakamako ya fito ƙasa, likita ya ce lafiya lau, alhali ciwon yana nan yana cin ƙoda da idanu. Mu da sikila ta yi yawa a gidajenmu, wallahi wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma na ji daɗi da aka ba ta lokaci.

Haka hawan jini. Ƙa'idar NICE, hukumar da ke tsara wa likitoci ƙa'idojin magani a nan, ta ce baƙar fata ɗan asalin Afirka, in ba shi da ciwon suga, a fara masa da magani irin su amlodipine, domin irin su ramipril ba sa yi mana aiki sosai su kaɗai. Ko ma'aunin ƙiba na BMI, wanda ke gwada nauyi da tsayi, namu daban ne: daga 27.5 ake cewa ƙiba ta yi yawa, ba 30 ba.

Don Allah, 'yan'uwa mazauna nan, in wasiƙar gayyata ta zo kada ku jefa ta cikin takardun gas da lantarki. Ku je. In kun zauna da likita, ku faɗa masa ko AA kuke, ko AS, ko SS, tun kafin a ɗebi jini. Mai SS ya nemi a yi masa gwajin suga na safe kafin ya karya.