Ɓeran ɗakin gwaji da marurun da ke damun mu

Lacca ce da wani malamin kimiyyar ƙwayoyin cuta ya gabatar a Garwa, aka rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Iyayena, ɗalibai, barkanku da war haka. Na baya can kuna ji na? To madalla. Abu uku zan taɓo: ƙwayar da ke kawo maruru, yadda ake gwada ta a jikin ɓera, da batun riga-kafi.

Na farko, ƙwayar. Sunanta Staphylococcus aureus. A cikin mutum 10, kusan 3 na ɗauke da ita a hanci, kuma lafiyarsu lau. Sai aska ta ɗan taɓa fata, ko ƙurajen zufa irin na zafin Afrilu a nan Garwa su fito mutum ya yi ta susa, shi ke nan ta samu ƙofa. Wani likitan fiɗa ɗan Sikotland, Alexander Ogston, ya gan ta a cikin mugunya a 1880, ya yi wa ɓeraye allurar mugunyar, suka yi maruru.

Har yau aikin bai sauya sosai ba. A aske bayan ɓera, a sa masa ƙwayar ƙarƙashin fata, kullum a auna faɗin kumburin, bayan kwanaki a ƙirga ƙwayoyin da suka rage. Malam na can yana murmushi. Ba ɓeran rumbunka ba ne, Malam, kada ka kawo mana a buhu! (dariya) Irin da ake kiwo ne musamman, kamar baƙin nan C57BL/6 da aka fara a 1921, dukansu kusan halitta ɗaya. A jikinsu ake kallon yadda fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil ke rugowa su kewaye cutar. Mugunyar da kuke gani, yawancinta gawarsu ce.

To ga inda nake so ku ba ni hankalinku. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan suna da dafi mai suna PVL, wanda Panton da Valentine suka bayyana a 1932. Yana huda nutrofil ya fasa shi. A Turai ba shi da yawa. Amma a wani bincike da aka wallafa a 2011 a birane biyar na Afirka, har da Yawunde da Yamai, an same shi a fiye da rabin ƙwayoyin da aka duba. Fiye da rabi, jama'a! Wato dafin nan namu ne, a jikin 'ya'yanmu yake aiki.

Da aka gwada shi a ɓera, sai masana suka yi ta gardama shekara da shekaru. Wannan ya ce yana da illa, wancan ya ce ɓerayensa ko gezau. A jikin zomo kuwa ana ganin ɓarna ƙiri-ƙiri. Sai a 2013 masu bincike a Utrecht ta ƙasar Holan suka gano dalili. Dafin kamar makulli ne, sai ya samu kwaɗon da ya dace da shi a jikin nutrofil. Na mutum ya dace, na zomo ya dace, na ɓera bai dace ba. Ɓeran bai yi ƙarya ba, jikinsa ne ba irin namu ba. Ɗalibai, ku rubuta wannan: in kun karanta cewa magani ya yi aiki a ɓera, ku tambaya wace irin ƙwaya aka sa masa, kuma daga wace ƙasa aka ɗauko ta. Yanzu har ana sauya wa ɓera halitta ya ɗauki kwaɗon mutum, don a gyara wannan matsalar. Ni burina in ga ƙwayoyin da aka ɗebo daga marasa lafiyar Garwa da Marwa su ne ake gwadawa.

Na biyu... ai mun riga mun yi shi. Riga-kafi: har yau babu. Kamfanin Merck ya dakatar da gwajinsa a 2011, Pfizer a 2018, duk da cewa alluran sun nuna alamar nasara a jikin dabbobi. Hajiya, bismilla.

Wata mahalarciya: Malam, jikana maruru ba ya rabuwa da shi. Mukan ɓare kafso mu barbaɗa masa, ko ya yi?

A'a Hajiya, don Allah a daina. Maruru daga ciki yake, garin kafso ba ya kaiwa can, sai dai ƙwayar ta saba da magani. Mai jure magani da ake kira MRSA tun 1961 aka fara ganin ta a Ingila. Ki riƙa gasa masa da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, kada a matse, musamman na fuska. In ya nuna, a asibiti za a tsaga a fitar da mugunyar. In kin ga zazzaɓi, ko kumburin na yaɗuwa, kada ya kwana a gida. Tunda kuma yana dawowa, a raba masa tawul da soso, a yanke masa farce, a kuma duba sauran 'yan gidan. Ki tsaya bayan an tashi, in ji shekarun yaron.