Arthur Alexander: Mawaƙin Da Beatles Suka Rera Waƙarsa, Ya Koma Tuƙin Bas

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Ko wanda bai damu da kiɗan Turawa ba, da wuya a ce bai taɓa jin sunan Beatles ko Rolling Stones ko Bob Dylan ba. To akwai wani baƙar fatar Amurka da dukkansu uku suka ɗauki waƙoƙinsa suka sake rerawa a fayafayansu. Sunansa Arthur Alexander, kuma ko a Amurkar ma ba kowa ya san shi ba.

An haife shi ranar 10 ga Mayu, 1940, a arewacin jihar Alabama, lokacin da dokar wariyar launin fata ke da ƙarfinta, baƙi da farare ba sa haɗa makaranta ko gidan abinci. Mahaifinsa makaɗin jita ne, shi kuma da waƙoƙin coci ya fara. Da ya tasa, sai ya samu aiki a wani otal da ke garin Sheffield, yana ɗaukar wa baƙi jakunkuna. Faifansa na farko, "Sally Sue Brown", ya fito a 1960, bai yi kasuwa ba. Wannan ce waƙar da Dylan ya sake rerawa a 1988.

A 1961 ne abin ya kankama. Wani matashi farar fata mai suna Rick Hall ya samu tsohon sito da ake ajiye ganyen taba a garin Muscle Shoals na Alabama, ya mayar da shi ɗakin ɗaukar waƙa. Ya tara samarin makaɗa farare, ya tsayar da Alexander a gaban makirufo. A Alabama ta wancan zamani wannan haɗin ba ƙaramin abu ba ne. Waƙar da suka ɗauka ita ce "You Better Move On". Kamfanin Dot ya fitar da ita, ta kai ta 24 a jerin Billboard, wato jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, a 1962. Da ribar waƙar Hall ya gina ɗakin FAME, inda daga baya Wilson Pickett da Etta James suka yi aiki, inda kuma Aretha Franklin ta ɗauki waƙar da ta ɗaukaka ta a 1967.

Ku saurari yadda yake waƙa. Yawancin mawaƙan soul, wato salon waƙar baƙaƙen Amurka, kururuwa suke yi, suna haɗa gumi. Shi kuwa a hankali yake tafiya, murya ƙasa-ƙasa, yana ba da labari irin na waƙoƙin karkarar farare, wato country. A "You Better Move On", talaka ne yake fuskantar mai kuɗin da ke neman ƙwace masa budurwa. Bai zage shi ba. Ya yarda ba zai iya saya mata abin da wancan zai saya ba, amma ya ce masa ya kama gabansa. A "Anna" kuma, ta 1962, ya ma sallama: tunda kin ce wani ya fi ni son ki, ki maido mini zobena ki tafi. Namijin da ya sha kaye bai ɗaga murya ba, wannan ne ƙwarewarsa, kuma a ganina kaɗan ne suka kamo shi a nan.

Samarin Ingila sun ji, sun kama. John Lennon na Beatles ya rera "Anna" a kundinsu na farko a 1963, Rolling Stones suka bi da "You Better Move On" a 1964. Sai ku ce ai ya warke. Ina! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A harkar waƙa, babban rabo yana wajen wanda ke riƙe da takardar mallakar waƙar, kuma yarjejeniyoyin da ya sa wa hannu yana saurayi ba su bar masa abin kirki ba. Ga kamfanoni sun rasa inda za su ajiye shi, don waƙarsa ta faɗa tsakanin kasuwar baƙi da ta farare.

A 1972 ya fitar da kundi a kamfanin Warner Brothers, ciki har da "Burning Love" da Dennis Linde ya rubuta. Bayan 'yan watanni Elvis Presley ya fitar da tasa, ta kai ta 2, ta Alexander ta nutse. Ya ɗan sake leƙowa a 1975. Daga nan, bayan fama da ƙwayoyi da taɓin hankali, ya tattara ya koma Cleveland, jihar Ohio, ya riƙe coci, ya shafe shekaru yana tuƙa bas ɗin wata ƙungiyar jin ƙai.

Masoyansa ne suka lallaɓo shi. A 1993 ya fitar da sabon kundi, "Lonely Just Like Me", wanda Ben Vaughn ya shirya, masu sharhi suka yi ta yabo, ya sa hannu a sabuwar yarjejeniya, ya haɗa makaɗa don fita wasa. Ranar 9 ga Yuni na wannan shekarar, kwanaki kaɗan bayan ya yi wasa a Nashville, ciwon zuciya ya yi ajalinsa yana da shekara 53.