Darasin Lambu: Gayaunar Yaro a Cikin Buhu

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da kaka. Ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, yara sun bazama kalar gyaɗa. To daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba lokacin kafa lambun gida ke nan, don ganye irin su salak sanyin hunturu suke so. A ƙauye uba kan yanka wa ɗansa gayauna a gefen gandu, abin da ya noma nasa ne. Ko tsakar gidanku siminti ne, buhu ɗaya ya isa gayauna.

Uwargida, samo tsohon buhun shinkafa, ki nannaɗe bakinsa har tsayinsa ya dawo kamu ɗaya. Ki huda gindinsa wuri 8 zuwa 10, in ba haka ba ruwa zai kwanta saiwa ta ruɓe. Wuƙa aikin babba ce, amma cuɗa ƙasa a bar wa yara, sun fi kowa so. Ƙasa bokiti 2, yashi 1, taki 1. Takin nan fa ya zama ruɓaɓɓe: baƙi, mai marmashewa a hannu, ba wari. Ɗanyen kashin kaji ƙone tsiro yake yi. A jiƙa buhun, a bar shi kwana 3 kafin shuka.

Me za a shuka? Kada a fara wa ɗan shekara 4 da tumatir, ba shi da haƙurin wata uku. A ba shi alayyahu. Kwana 3 zuwa 5 ya tsiro, cikin mako 4 an fara tsinka. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, in aka damƙa wa yaro haka nan wuri ɗaya zai juye. Sai a haɗa rabin cokalin shayi na iri da yashi cikin tafin hannu, ya barbaɗa kamar gishiri, a rufe da ƙasa sama-sama. In aka binne da zurfi ba zai fito ba. Bayan mako 2 a rage, a bar tazarar yatsa huɗu tsakanin tsiro. Yara sukan yi kuka a nan, wai an kashe musu shuka. A nuna musu wanda aka cire miya zai shiga.

Wani abu kuma: irin da ake sayarwa a fakiti, in kun gan shi da launin ja ko kore, magani ne aka shafa masa. Babba ne zai taɓa shi, ya wanke hannu.

Ban ruwa. A huda gindin gwangwanin madara da ƙusa, ya zama abin ban ruwan yaro. Safe da yamma, gwangwani biyu-biyu. Kuskuren yara yawan ruwa ne, saboda haka a koya masa ya tura yatsa cikin ƙasa. In ya ji danshi, ya haƙura. Ruwan wankin shinkafa ba laifi, na omo kuwa kashe shuka yake. Kuma kada a bar bokiti a buɗe inda mai rarrafe yake.

Kaji da awaki, ga maganinsu a kaka kyauta: karan dawa. A kafa shi kewaye da buhun, a ɗaure da igiya, a yafa tsohon gidan sauro saboda ƙadangare da fara. Guntayen da suka rage, yara su yi motar kara da su. In ƙananan ƙwari sun manne a bayan ganye, a daka ganyen darbejiya cikin hannu biyu, a jiƙa a lita 1 na ruwa ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma.

Ranar tsinka, a yanke sama a bar gindin, zai sake toho. Tushe ɗaya kuma kada a taɓa shi, a bari ya yi kai ya bushe, yaro ya murje irin a faranti, ya zuba a busasshiyar kwalba, a rubuta sunansa a jiki.