GPU takwas gare ta, ta ce saura goma

Ku dubi lambar nan da kyau. Na'urar GPU takwas gare ta, wato ɓangarorin kwamfuta masu yin lissafi mai nauyi da sauri, amma lissafi ya ce goma ne a sake. Ba aljanu suka ƙaro biyun ba, wani pod ne, wato ƙunshin manhaja da ake gudanarwa a kan na'ura, ya mayar da kasonsa sau biyu.

A gurguje: a Kubernetes, tsarin da ke rarraba manhajoji a kan kwamfutoci da yawa, kube-scheduler ne ke zaɓa wa kowane pod na'urar da zai zauna. Ya tace na'urorin, ya ba su maki, ya zaɓa. Sai matakin Reserve, inda filogin da kuka rubuta, wato ƙarin kod da kuka haɗa wa kube-scheduler, ke kama masa GPU biyu kafin a ɗaure shi da na'urar.

To a nan mutane ke tuntuɓe. Idan ɗaurin ya ƙi, ana kiran Unreserve, biyun su koma. Can anjima a goge pod ɗin, saƙon gogewa ya iso, wani sashen kod ɗinku ya sake mayar da biyu. Kamar a tasha ne: fasinja ya fasa tafiya, ɗan kamasho ya soke sunansa, yaron mota ma da bai sani ba ya ce akwai kujera. Kujera ɗaya, an karɓi kuɗin mutum biyu.

Kullum sai wani ya ce a sa makulli, wato mutex. Ɗan'uwa, makulli layi kawai zai sa su bi, kowa zai shiga ya mayar da nasa. Masu cewa a hana lambar wuce takwas kuwa, su suka fi ban haushi, sun shafe shaida ne kawai. Mu ma sa'a muka ci na'urar babu kowa a kanta. Da ana amfani da shida, lissafi zai ce saura huɗu maimakon biyu, ba wanda zai lura sai kubelet, wakilin Kubernetes da ke kan kowace na'ura, ya fara korar pod.

Takardun Kubernetes sun faɗa a fili: ko sau nawa aka kira Unreserve, dole sakamakon ya zama ɗaya. Don haka ku riƙe rajistar wa ya kama me. Kafin a mayar, a duba. In ba ya ciki, a wuce. Kuma da UID za ku rubuta, wato lambar shaidar da kowane pod ke da tasa shi kaɗai, kar da suna, domin a StatefulSet, inda sabon pod ke gadar sunan tsohon, web-0 na mutuwa wani web-0 ke tasowa.

Ga abin da log, wato bayanan da tsarin ke rubutawa, ya nuna bayan gyara. Kira na biyu ya zo, ya leƙa rajista, bai taɓa komai ba. Takwas.